Me madubin elektiron yake gani a ƙodar kare wanda madubin haske ba ya gani?

"Malam, barka da aiki. Ni likitar dabbobi ce, shekarata biyu da fara aiki. Akwai wani kare ɗan shekara huɗu da nake dubawa, furotin na zuba sosai a fitsarinsa, albumin, babban furotin ɗin jininsa, ya yi ƙasa, ƙafafunsa har sun fara kumbura. Mun yanke shawarar ɗibar ɗan nama daga ƙodarsa. Ɗakin gwajin da za mu tura wa sun ce sai mun raba naman uku, kaso ɗaya na madubin elektiron ne. A makaranta hotunansa kawai muka gani a littafi. Me yake nunawa wanda madubin da muka saba da shi ba zai nuna ba? Kuma yanzu da ake da gwajin ƙwayoyin gado, ba tsohon yayi ba ne? Ina jin nauyin ɗora wa mai karen ɗawainiyar da ba dole ba."

Barka kadai, Likita, Allah ya taimaka. Na ji daɗi da kika tsaya kika tambaya tun kafin ki soka allura, domin yawancin masu nemana a kan wannan magana sai sun riga sun jefa naman gaba ɗaya cikin fomalin, ruwan adana nama na yau da kullum, suke tunawa da ni. Tambayarki biyu ce a haɗe: me wannan madubi yake ƙarawa, kuma ko har yanzu yana da gurbi. Bari in ba ki amsar karenki tun yanzu, dalilai su biyo baya. A ƙodar karen da furotin ke zuba haka, kada ki bar kason madubin elektiron. Akwai gaɓoɓi da cututtuka masu yawa da ni da kaina zan ce ki ƙyale shi, ba zai ƙara miki komai ba. Matatar ƙoda ba ta cikinsu.

Inda haske yake tsayawa

Ba rashin kyawun gilashi ne ke hana madubinki ganin ƙananan abubuwa ba, hasken ne da kansa yake da iyaka. Tun 1873 Ernst Abbe, a Jamus, ya nuna da lissafi cewa idan tazarar abubuwa biyu ta gaza kusan rabin zangon hasken da ake kallonsu da shi, wato tsawon igiyarsa ɗaya, za su haɗe su zama abu ɗaya a ido. Zangon hasken da muke gani tsakanin nanomita 400 da 700 yake, don haka madubin haske mafi kyau a duniya yana tsayawa ne a wajen nanomita 200. Nanomita kuwa, ki raba milimita ɗaya gida miliyan, ki ɗauki ɗaya. Ƙasa da wannan iyaka, ko sau nawa kika ƙara girman hoton, dishi-dishin ne kawai zai ƙara girma.

Ernst Ruska da Max Knoll suka buɗe wannan ƙofa a Berlin a 1931. Maimakon haske suka yi amfani da kwararar elektiron, wadda zangonta bai kai ko kaso ɗaya cikin ɗari na nanomita ba, maimakon gilashi kuma suka sa maganaɗisu ya lanƙwasa ta. Kamfanin Siemens ya fara ƙera na sayarwa a 1939, shi kuwa Ruska sai a 1986 ya karɓi kyautar Nobel a kan aikin. A naman dabba da aka shirya da kyau muna rarrabe abubuwan da ba su wuce nanomita ɗaya ko biyu ba, wato ninki ɗari na abin da haske ke iyawa. Iri biyu ne. Akwai mai ratsawa, wanda ake taƙaita sunansa TEM, elektiron na ratsa siririn yanka ya nuna cikin ƙwayar halitta. Akwai mai bin fuska, SEM, wanda ke nuna saman abu da tudunsa da kwarinsa. Na ƙoda mai ratsawa ne. Dukansu baƙi da fari suke bayarwa, launukan da kike gani a bangon mujallu daga baya ake shafa su da kwamfuta.

Bango mai hawa uku

Matatar ƙoda, gulomarulas, ƙullin ƙananan jijiyoyin jini ce, kuma bangon kowace jijiya hawa uku ne. Daga ciki akwai ƙwayoyin da ke shimfiɗe a hanyar jini, jikinsu duk huda-huda, kowace huda nanomita 70 zuwa 100. A tsakiya akwai tantanin gindi, kaurinsa 'yan ɗaruruwan nanomita. Daga waje akwai fodosait, ƙwayoyi masu yatsu da suka sarƙe da na maƙwabtansu kamar mutum ya haɗa yatsun hannayensa biyu, tsakanin yatsa da yatsa kuma akwai tsaga mai kimanin nanomita 30 zuwa 40. Nan ake tace jini, nan ake riƙe albumin. Ki dubi waɗannan alƙaluma ki gwada su da 200 ɗin nan. Duk inda cutar karenki take, ko dai daidai bakin iyakar haske take ko ƙasa da ita. Shi ya sa a madubin haske wannan bango mai hawa uku yake fitowa layi ɗaya tak.

Yanzu ki ɗauka an kawo miki karnuka huɗu, duk da irin alamun naki. Na farko garkuwar jikinsa ce ta tara dunƙulen antibodi, furotin ɗin da jiki ke yaƙar cuta da shi, a bangon matata. Na biyu wani gurɓataccen furotin da ake kira amiloyid ne ya cika ta. Na uku tabo ne ya ci wani sashe nata bayan fodosait sun lalace. Na huɗu da gurɓataccen tantanin gindi aka haife shi. Fitsarinsu iri ɗaya, jininsu iri ɗaya, hoton ƙodarsu ma yana iya zama iri ɗaya. Amma na farko kaɗai ne maganin danne garkuwa, irin su maikofenolet, zai amfana. Sauran ukun illar maganin kawai za su kwasa. A 2013 an buga nazarin naman ƙodar karnuka 501 da aka ɗiba tsakanin 2007 da 2012 bisa zargin ciwon matata, aka samu 241 ne kawai, wato kashi 48 cikin ɗari, suke da ciwon dunƙulen garkuwa. Wannan adadi ya daɗe yana zaune mini a rai. Idan kika ba kowa maganin, kusan rabi kin cutar da su a banza. Idan kika hana kowa, kusan rabi kin hana su abin da zai iya ceton ƙodarsu. Ba za a bar irin wannan hukunci a hannun canki-canki ba alhali akwai hanyar gani, kuma gani ya kori ji.

Dunƙulen garkuwar suna fitowa a madubin elektiron baƙaƙe, kamar an ɗiga kwalta a jikin tantanin, kuma wurin da suka zauna yana da magana. Idan daga waje suke, ƙarƙashin yatsun fodosait, jini ba ya taɓa su kai tsaye, kumburi ba ya yawa, furotin ne dai ke zuba kamar an buɗe famfo. Wannan shi ne irin da ya fi yaudarar madubin haske. A farkonsa tantanin bai riga ya tsiro da 'yan ƙayoyin nan da rinin azurfa ke nunawa ba, sai mai dubawa ya ga matata sumul ya rubuta cewa lafiya take. Na sha karɓar irin wannan, rahoton farko ya ce babu komai, na kunna madubi na tarar da dunƙule jere a bango. Idan kuwa daga ciki suke, ƙarƙashin ƙwayoyin hanyar jini, suna gogayya da jini, fararen ƙwayoyi na taruwa, bango na yin ninki biyu, ciwon yakan fi sauri da zafi. Ko wanne kika samu, aikinki na gaba shi ne neman abin da ke tsokanar garkuwar: tsutsar zuciya, leshmaniya, cututtukan kaska irin su Ehrlichia da Borrelia, ciwon daji, ko wani tsohon kumburi da ya ɓuya a jiki.

Za ki ce ai kaso na uku, wanda ake rinawa da antibodi mai ƙyalli, shi ma yana nuna dunƙulen. Haka ne, kuma shi ya sa ake son ukun tare. Mai ƙyalli yana gaya miki ko mene ne ya taru, antibodi irin IgG ne ko furotin ɗin garkuwa mai suna C3. Amma wani antibodin, IgM, yakan maƙale a wurin tabo ba tare da wani ciwon garkuwa ba, ya yi ƙyalli ya ruɗe ki. Madubin elektiron ne ke raba gardama, ya ce ga dunƙule na gaske ga kuma inda yake, ko ya ce babu.

Amiloyid ba ya yawan buƙatarsa, rinin Kongo ja yakan wadatar. Idan an duba, zarurruka ne sirara masu kaurin kusan nanomita 10, ba su da rassa, a warwatse kamar an zubar da tsinkaye. Ki dai tuna cewa a karen Shar Pei ya fi son taruwa can cikin ƙoda, inda allurarki ba za ta je ba kuma bai kamata ta je ba. Sai abu ɗaya da nake jan kunnen ɗalibai a kai: idan rahoto ya ce yatsun fodosait sun baje sun haɗe, wannan ba sunan cuta ba ne. Duk matatar da ke zubar da furotin da yawa haka yatsunta suke yi.

Maganar gwajin gado

Nan ne tambayarki ta biyu take da ƙarfi, kuma ba zan raina ta ba. Tantanin gindi an saƙa shi ne da wani furotin mai zare, kolajin nau'i na huɗu. A wani zuri'ar karnukan Samoyed akwai lahani a ƙwayar gado COL4A5, wadda ke kan kuromosom X, sai mazan su fara zubar da furotin tun suna 'yan watanni, ƙoda ta gaza kafin su cika shekara ɗaya da rabi. A Cocker Spaniel na Ingila lahanin a COL4A4 yake, sai ɗan kwikwiyo ya gada daga uwa da uba duka. Bull Terrier ma yana da nasa, wanda kan jinkirta har shekaru. Ita ce cutar da ake kira Alport a mutane, kuma karnukan nan sun koya wa likitocin mutane abubuwa da yawa a kanta. A madubin elektiron ba ta ɓuya. Tantanin da ya kamata ya zama ɗamara ɗaya mai santsi sai ki gan shi ya yi kauri a nan, ya sirance a can, ya tsattsage zare-zare kamar saƙar kwando.

Idan Cocker Spaniel ne a gabanki, ɗan wata takwas, yana zubar da furotin, ki fara da gwajin gado, ɗan jini ko shafar kunci ya isa, babu dalilin huda ƙoda. A nan gwajin gado ya karɓe aikin, kuma na yi murna da hakan. Amma gwajin gado irin na yau da kullum lahanin da aka ƙera shi dominsa kaɗai yake nema. An samu wani zuri'ar karnuka masu gaurayen jini a Navasota, jihar Texas ta Amurka, da wannan cuta, a wannan ƙwayar gado ta COL4A5, amma lahaninsu daban yake da na Samoyed. Gwajin Samoyed zai wuce su ya ce lafiya lau. Madubi kuwa ba ruwansa da inda harafin gadon ya karkace, sakamakon yake nunawa. Kusan kowace irin wannan cuta da ido aka fara ganinta, daga baya masana gado suka bi sawu. Ciwon dunƙulen garkuwa kuma, wanda shi na fi zargi a kare ɗan shekara huɗu, babu gwajin gadon da zai nuna shi.

Sauran gaɓoɓi

Bayan ƙoda, wurin da na fi ganin amfaninsa shi ne hanyar numfashi. Kwikwiyon da majina ba ta yanke masa tun haihuwa, huhu na ta kamuwa, wani lokaci ma zuciyarsa na ɓangaren dama, ana zargin 'yan gasun da ke share bututun iska ba sa kaɗawa. Kowane gashi kaurinsa wajen nanomita 200 ne. Idan aka yanka shi a kwance za ki ga bututu tara masu tagwaye sun kewaye biyu a tsakiya, kowane tagwaye da 'yan hannuwan furotin dainin da ke tuƙa shi. Rashin hannuwan ko rikicewar jerin shi ne cutar, kuma an gano lahanin ƙwayar gado CCDC39 a karnukan Old English Sheepdog. Sai dai a yi hattara, kumburin yau da kullum ma yana ɓata gasun. Ni ba na yanke hukunci sai na ƙirga yankakkun gasu masu yawa na ga lahani iri ɗaya yana maimaituwa.

A ƙwaƙwalwa yana rarrabe cututtukan da datti ke taruwa cikin ƙwayoyin jijiya, irin wadda ake gani a English Setter da Tibetan Terrier da Border Collie, inda abin da ya taru kan fito da zane kamar tambarin yatsa. A ciwon daji rinin antibodi ya karɓe kusan duk aikin, sai jefi-jefi idan ƙari ya ƙi bayyana asalinsa muke neman 'yan jakunkunan baƙin launi ko ƙwayoyin homon a cikinsa. Haka ma bairos. Lokacin da fabo, cutar bairos mai sa amai da gudawa, ta ɓulla a 1978 tana kashe 'yan kwikwiyo a nahiyoyi da dama, da madubin elektiron aka ga 'yan ƙwallayen nan masu nanomita 25 a kashinsu. Yau gwajin minti goma da PCR, mai neman ƙwayar gadon bairos ɗin, sun wadatar, ba wanda zai tura kashin kwikwiyo wurina don fabo. Amma ranar da sabuwar cuta ta zo wadda babu gwajinta, wurin madubin za a dawo, don shi ba ya bukatar a gaya masa sunan abin da zai nema.

Akwai kuma abin da nake dubawa don sha'awa kawai. Walƙiyar da idon kare ke yi da dare daga wani shimfiɗi take a bayan tantanin gani, ƙwayoyinsa cike da 'yan sanduna masu tutiya da sistin, jere reras a tsari ɗaya, suna mayar da hasken da ya wuce don ido ya sake amfani da shi. Shekaru nawa ina wannan aiki, har yau idan na gan su sai na ɗan dakata.

Inda ake ɓata aikin

Abin da zan gani a ɗakina an riga an yanke shi a mintunan farko a hannunki. Da zarar nama ya rabu da jini, ƙwayoyinsa sun fara narkewa, mitokondiriya, 'yan injinan da ke ba ƙwayar halitta ƙarfi, na kumbura cikin mintuna. Fomalin ya isa ga madubin haske, amma mu gulutaraldehaid muke so, kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari, wanda Sabatini da abokan aikinsa suka shigo da shi wannan fage a 1963. Yana ɗaure furotin tamau, sai dai a hankali yake ratsa nama, shi ya sa gutsuren bai kamata ya wuce milimita ɗaya a kowane gefe ba. Daga nan aikinmu ne. Mu sa shi a osmiyom ya kama kitsen tantani ya baƙanta shi, mu tsotse ruwansa da barasar gwaji, mu binne shi a danƙo mai tauri. Mu fara yanka mai ɗan kauri mu rina shi shuɗi don neman matata, sannan mu yanka na gaske da wuƙar daimon, nanomita 70 ko kusa da haka, kaso ɗaya cikin dubu na kaurin gashin kai. Mu ɗora a 'yar ragar jan ƙarfe mai faɗin milimita 3, mu rina da yuraniyom da dalma. Kwanaki ake yi, wani lokaci makonni.

Farkon aikina an kawo mini ƙodar wani kwikwiyo da ya mutu da dare, ba a buɗe shi ba sai da hantsi. Na ga mitokondiriya sun kumbura, tantani ya yayyage, na zauna na rubuta doguwar magana a kan sabuwar cuta. Wata dattijuwar ma'aikaciyar ɗakin, wadda ta yi shekaru tana yanka, ta dubi hotunan ta tambaye ni ƙarfe nawa karen ya mutu. Duk abin da na rubuta sauyin bayan mutuwa ne. Ba don ita ba da mai kiwon ya daina haɗa lafiyayyun karnuka saboda kuskurena. Tun ranar ba na karanta hoto sai na san tarihin naman.

Ga abin da za ki yi. Ki buɗe kwalabe ukun ki rubuta musu suna kafin a kwantar da karen. Ki tsaya a ɓawon ƙoda, nan matatu suke, zurfafawa kuma manyan jijiyoyi take tarowa. Ki ɗebi aƙalla zare biyu masu kyau. Kada ki matse su da hantsaki, ki wanko su daga allura da ruwan gishirin asibiti a kan gilashi, kada kuma ki bari su bushe. Idan kina da madubin ƙara girma ko da ƙarami ne, matatu na fitowa kamar jajayen ɗigo, ki tabbata kowane kaso ya samu nasa. Babu abin da ke ɓata mini rai kamar in yi kwanaki ina shirya gutsure in tarar babu matata ko ɗaya a ciki. Ki yanka da sabuwar reza, ki fara da kason mai ƙyalli cikin ruwan adana shi na musamman da ake kira ruwan Michel, domin ko ɗigon fomalin ya taɓa shi ya lalace. Idan ƙaddara ta sa komai ya faɗa fomalin, kada ki fid da rai, a gaya wa ɗakin gwajin. Dunƙulen garkuwa da tantanin gindi suna da juriya, sau da yawa ana iya ceto su ko daga cikin kakin da aka binne naman, ko da yake ƙananan bayanai sun tafi.

Abin da ba zai yi miki ba

Ƙodar kare ɗaya tana da matatu ɗaruruwan dubbai, ni kuwa ɗaya ko biyu ko uku nake dubawa. Cutar da ke cin wasu ta bar wasu, kamar tabon nan na sashe, tana iya kuɓuce mini, madubin haske da ke ganin matatu da yawa a yanka ɗaya shi ya fi ni a nan. Madubin zai nuna dunƙule amma ba zai faɗi abin da ya jawo su ba. Kuma hoton lokaci ɗaya ne, ba ya gaya miki saurin tafiyar ciwon, wannan sai awon da kike maimaitawa.

Ban ga karenki ba, hukuncin huda ƙodarsa yana hannunki. Idan ƙodojin sun riga sun ƙanƙance sun taurare, ko jininsa ba ya daskarewa da kyau, ko hawan jininsa bai sauka ba, ko akwai ƙwayar cuta a ƙodar, ki dakata. A ƙodar da ta gama lalacewa tabo kawai za mu gani, mu sa shi cikin haɗarin zubar jini ba riba. Kada kuma ki jira sakamako kafin ki fara abin da kowane mai ciwon matata yake buƙata: maganin rage zubar furotin irin su benazefiril ko telmisatan, kula da hawan jini, da kariya daga gudan jini, domin karen da albumin ɗinsa ya faɗi haka gudan jini na iya kashe shi kafin ƙodar ta gaza. Idan kuma yana taɓarɓarewa da sauri, ki kira ɗakin gwajin su ba ki abin da haske ya nuna tukuna.

Shi kuwa mai karen, ki gaya masa gaskiya a sauƙaƙe: huda ɗaya ce ko an raba naman biyu ko uku, karen ba zai ƙara shan wata wahala ba, kuma kason madubin elektiron ne zai nuna ko za a ba shi magani mai ƙarfi ko za a kare shi daga gare shi. A takardar da za ki haɗa da kwalaben ki rubuta irin karen da shekarunsa da jinsinsa, awon furotin da kiriyatinin na fitsari, albumin, kiriyatinin na jini, hawan jini, gwaje-gwajen cututtukan da kika riga kika yi, duk maganin da ya sha musamman sitiroyid, da lokacin da naman ya shiga ruwa. Idan rahoton ya fito ki turo mini tare da hotunan, mu karanta shi tare.